Zamanin Kankare Ƙarfen Batir

Da yawa daga cikin linzaman kwamfuta marasa waya da aka watsar a bola cikin shekaru ashirin da suka wuce lafiyarsu lau. Idonsu na gani, maɓallansu na dannuwa, babu abin da ya ƙone a cikinsu. Ciwon bai wuce ɗan ƙarfen da batir ke taɓawa ya yi tsatsa ba, ko sifirin ɗin da ke tokare gindin batir ya saki. Gyaran minti biyar ne ga wanda ya sani, kuma a da masu sanin suna da yawa, domin kusan duk gidan da ke da tocila da rediyo akwai wanda ya iya.

Kafin linzami ya rabu da waya, wata hidimar ce daban muke yi masa. A shagunan buga takardu da kafe-kafen intanet da suka cika Kano a farkon shekarun 2000, linzamin da ke kan kowane tebur mai ƙwallo ne. Wayarsa tana da kai mai launin kore, ta allon rubutu kuma mai launin shunayya, kowanne da kafarsa a bayan kwamfuta. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe da aka lulluɓe da roba, mai ɗan nauyi a tafin hannu, wanda ke juya wasu 'yan sanduna biyu. Duk ƙurar da ke kan tebur ƙwallon nan zai kwasa ya shafa wa sandunan, har ta daskare ta zama baƙin zobe a jikinsu. Da ka ga kibiya ta fara tsalle a fuskar kwamfuta, sai ka kifa linzamin, ka murɗa murfin da ke ƙasa, ƙwallo ya faɗo hannunka, ka sa farce ko murfin biro ka kankare. Da hunturu kusan kullum ne. Aikin yaron shago ke nan da safe bayan shara, kuma ni ma da shi na fara. A wasu kafe-kafen har liƙe murfin ake yi da gam saboda yara masu zare ƙwallon su tafi da shi, abin da ke nufin an hana ɓarawo an kuma hana mai goge datti.

Wannan ƙwallo ma ci gaba ne a lokacinsa. Linzamin farko da Douglas Engelbart da Bill English suka haɗa a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya a shekarun 1960 ɗan akwatin katako ne mai ƙafafun taya biyu a ƙasa, kuma a Disambar 1968 aka nuna shi ga taron jama'a a San Francisco. Ƙwallo ya yi mulkinsa na shekaru, sai a 1999 kamfanin Microsoft ya fito da IntelliMouse Explorer mai jar fitila a ƙasa, wanda ke ɗaukar hoton fuskar tebur da ɗan idonsa ya gane inda aka nufa da shi. Da irinsa suka iso mana da araha, kankare sanduna ya ƙare. Muka ɗauka hutu ya zo.

Mara waya ya daɗe a duniya kafin ya zama ruwan dare a wajenmu. Tun 1991 kamfanin Logitech ya sayar da mai aiki da igiyar rediyo, amma na farkon suna zuwa da wani akwatin karɓar saƙo mai tasa wayar, ga cin batir. Abin da ya buɗe masa kasuwa shi ne ɗan mitsitsin makarɓin nan da ake soka wa a kafar USB a manta da shi, wanda Logitech ya fito da shi a 2007, kuma ya zo daidai da lokacin da kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo ke kwararowa daga Ikeja zuwa Kano. Ɗalibi ko ma'aikaci in ya sayi laftof, sai ya haɗa da jaka da linzami mara waya. Daga nan aka shiga sabon ciwon kai.

Yadda yake farawa iri ɗaya ne. Kana tsakiyar aiki kibiya ta tsaya cak. Ka girgiza linzamin, ko ka ɗan buga shi a kan tebur, ya farfaɗo. Bayan ɗan lokaci ya sake. Ka ce batir ne, ka aika a sayo sabo, ya yi kwana biyu lafiya, ya koma gidan jiya. Wasu su zargi kwamfuta, har a kai ta a wanke a sake zuba mata manhaja, a biya kuɗi, a yi asarar takardun da ke ciki, ciwo kuwa yana nan a gidan batir ba a leƙa shi ba. Masu kuɗi su ce ɗan China ne, ba ya ƙarko, su sayi wani.

Mu a shagonmu maigida ba ya yarda abu ya mutu sai an buɗe cikinsa. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a rumfar da ke kallonmu, wanda ya fara sana'arsa tun rediyo na da fitilu a ciki, kuma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Wajensa aka aike ni da wani linzami da ya gagare mu. Na gaishe shi na ce, “Baba, maigida ne ya ce ko za ka duba mana wannan, sai ya riƙa ɗaukewa.” Ya juya shi a hannu, ya tambaye ni, “Da batir yake aiki?” Na ce e. Ya ce, “To, ba baƙo ba ne. Zauna, ɗana.”

Ya zare murfin, ya fitar da batir, ya karkata gidan batirin wajen haske. A kan sifirin akwai wani farin gari da ya daskare, ƙarfen da kan batir ke taɓawa kuma ya dushe, ya yi kore-kore a gefe. Ya ɗauki busasshen buroshin haƙori ya karkaɗe garin a kan tsohuwar jarida, yana kawar da fuskarsa. Ya aiki yaronsa wajen mai shayi ya karɓo ɓarin lemon tsami, ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya ɗiga mata ruwan lemon, ya taɓa sifirin. Nan take wajen ya yi 'yar kumfa. Ya ci gaba da dangwalawa har kumfar ta daina, sannan ya goge da wata audugar mai sifirit, ya ajiye shi a rana ya bushe. Da ya bushe sai ya bi ƙarfen da abin goge fensir, a hankali, har ya yi ƙyalli. Daga ƙarshe ya sa bakin ƙaramar sukudireba tsakanin zagayen sifirin ya ɗan ja shi waje, kaɗan ƙwarai, ya mayar da batir, ya girgiza linzamin kusa da kunnensa. Bai ji motsi ba. Ya miƙo mini ya ce, “Ka ce wa maigidanka in za a rufe shago na kwanaki, a riƙa cire batir.” Na tambayi kuɗin aiki, ya ce in gaishe shi kawai.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne bai nemi sanin yadda linzami ke aiki ba. Bai buƙata. Hannunsa ya riga ya san gidan batir daga dubban rediyoyi da tocila. Mutanen da suka tashi suna kama BBC da Muryar Amurka da Rediyon Jamus a gajeren zango da manyan batura, in murya ta fara shaƙewa ba sa gaggawar zargin rediyo. Sai su buɗe baya, su murza batir a inda yake, su shafa kansa a jikin riga ko a siminti, su miƙe sifirin. Tocila mai jikin ƙarfe in ta fara lumshe ido, a kwance gindinta a kankare. Har shanya batir ake yi a rana domin a ƙara tatsar abin da ya rage, kuma dabarar tana ɗan yi, saboda zafi yana hanzarta aikin sinadaran da ke ciki, ko da yake ba ya ƙara musu komai. Wannan sani ne da ba a koyarwa a aji. Yaro yana gani wajen babansa ko yayansa, ya ɗauka.

Sai daga baya na fahimci dalilin kumfar nan, kuma na gane cewa yoyon batir iri biyu ne, maganinsu ma biyu ne. Batir mai tsada da ake kira alkalin, wanda injiniya ɗan Kanada Lewis Urry ya inganta a kamfanin Eveready a ƙarshen shekarun 1950, ruwan da ke cikinsa mai kaifi ne irin na sodar sabulu. Idan ya tsufa, ko aka bar shi ya ƙare ƙurmus a cikin na'ura, iska tana taruwa a cikinsa ta matsa wa marfin da ke gindi, ruwan ya tsattsafo. Da ya haɗu da iskar waje sai ya zama farin garin nan, wanda sinadarinsa ɗaya ne da wanda ke cikin ruwan toka da iyayenmu mata ke tacewa. Shi ya sa abu mai tsami, lemon tsami ko ruwan khal, ke kashe kaifinsa, kumfar kuma alamar haɗuwarsu ce. Shi ya sa kuma sifirin ne ya fi shan wahala, tunda ta gindi yoyon ya fi fitowa.

Ɗaya nau'in shi ne batir mai araha da muka fi sani a kan teburin mai tireda, jikan wanda Bafaranshe Georges Leclanché ya ƙirƙiro a 1866. Shi gwangwanin tutiya da ke lulluɓe da shi yana cikin abin da ke narkewa ya ba da wuta. Yana aiki bangon yana sirancewa, har ya huje, ruwan ciki ya fito. Wannan ruwan mai tsami-tsami ne, kuma yana cin ƙarfe sosai, shi ne ke barin jan tsatsa da danƙo. In ka ƙara masa lemon tsami ka ƙara wa wuta mai. Abin da ya dace da shi ɗan ruwan bekin soda ne, ko jiƙon kanwa in babu. Masu gyaran da suka ƙware suna bambancewa da ido: farin gari busasshe daban, jiƙaƙƙen tsatsa daban. Kowanne ne kuwa ba a taɓa shi da hannu a kai ido, domin yana ƙuna, kuma ba a barin yara kusa da jaridar da aka karkaɗe shi a kai.

Akwai wata tambayar da ta daɗe tana damuna: me ya sa linzami ya fi rediyo da tocila raki, alhali wutar da yake sha ba ta kai tasu ba? Amsar tana cikin yadda ake riƙe shi. Rediyo a ajiye yake wuri ɗaya. Linzami kuwa wuni ake yi ana jan sa, a ɗaga, a dire, a ɗaga, a dire. Duk direwa batir yana ɗan motsawa a gidansa. In sifirin yana da ƙarfi, ba komai. In ya saki, sai batir ya rabu da ƙarfen na ɗan ƙiftawar ido. Tocila in ta sami irin wannan yankewa haskenta ne zai ɗan girgiza ya dawo, ba wanda zai kula. Linzami kuwa akwai 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa, wadda in wuta ta yanke mata komai ƙanƙantar lokacin sai ta tashi daga farko, ta sake neman makarɓinta. In mai Bluetooth ne, neman yakan ɗauki daƙiƙoƙi. Ga shi ƙarfin batir ɗin bolt 1.5 ne kacal, mai caji ma 1.2, saboda haka ɗan siririn datti ko maiƙon hannu a kan ƙarfen ya isa ya rage abin da ke isa ciki.

Sannan batura ba girmansu ɗaya cif ba. Mai lamba AA tsayinsa wajen milimita 50 ne, kaurinsa wajen 14, amma ƙa'idar masana'antu ta ba da rangwamen kusan milimita guda. Wani kamfani nasa ya ɗan fi tsawo, wani kan nasa gajere ne. Linzamin da ya saba da mai tsawo har sifirinsa ya lanƙwashe a kan haka, ranar da aka sa masa gajere sai ya fara ɗaukewa. Wannan ne ke sa mutum ya rantse cewa linzaminsa batir kaza kawai yake so, kuma gaskiyarsa ne, sai dai ba don dalilin da yake zato ba. Yanayinmu ma yana taimaka wa ciwon. Zafin Maris da Afrilu yana gaggauta yoyo, laimar damina tana kawo tsatsa, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Ofisoshi da makarantu da aka rufe na dogon hutu ko yajin aiki, in aka dawo, linzamai da rimot da agogon bango duk sai ka tarar sun yi farin gari. Haɗa tsohon batir da sabo, wanda muke yi don tsimi, shi ma hanya ce ta jawo yoyo, domin sabon yana ci gaba da tura wuta ta cikin tsohon bayan ya ƙare.

Dabarun wucin gadi kuwa ba a magana. Wadda ta fi shahara ita ce takardar azurfa ta cikin kwalin sigari ko ta cingam, a ninke ta a cusa tsakanin kan batir da ƙarfe. Har akwai masu sa ƙaramin batir AAA a gidan AA su cike giɓin da ita. Tana aiki, kuma da babu gara ba daɗi, musamman ga mai buga takardar da ake jira a kai ofis kafin a tashi. Amma ban taɓa son ta ba. Takardar tana marmashewa, gutsurenta na iya faɗawa cikin na'urar ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, kuma in ta haɗa kai da gindin batir kai tsaye sai ya ɗau zafi. Mafi muni, tana ɓoye ciwon: tsatsar tana nan a ƙarƙashi tana ci. Haka samfefa mai kaushi da wasu ke dirza ƙarfen da ita. Ƙarafan nan baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa siririn nikel don kariya. In ka dirje shafen, yau zai yi ƙyalli, amma kafin damina ta fita tsatsa ta cinye shi. Abin goge fensir ɗin da dattijon nan ya zaɓa ba don rashin samfefa ba ne, tana nan a akwatinsa. In kuwa sifirin ya riga ya ruɓe har ya karye, sai a ciro na mataccen rimot ko na tsohon rediyo a liƙa da dalma. Don haka ne masu gyara ba sa zubar da gawar na'ura, kullum akwai kwali a ƙarƙashin benci cike da su.

Kada a ɗauka ciwon na kayan araha ne kaɗai. A 2009 kamfanin Apple ya fito da Magic Mouse, linzami mai tsada, sumul, mai cin batir AA biyu. Masu amfani da shi da yawa a Amurka da Turai sun yi ta kukan yana yanke hulɗa da kwamfuta in an ɗaga shi an dire, musamman da wasu batura masu ɗan sirantaka. Maganin da suka gano wa kansu shi ne ninke 'yar takarda a ɗora kan baturan kafin a rufe murfi, ta danne su kada su motsa. Wannan dabara ta fi ta takardar azurfa aminci, domin takarda zalla ba ta ɗaukar wuta, aikinta tokarewa ne kawai. Na ji daɗin sanin haka, domin ya nuna cewa abin da masu gyaranmu suke yi a rumfunan kwano sani ne na gaske, wanda ko'ina aka sami batir da sifirin za a buƙace shi.

A 2015 Apple ya fito da na biyu, ya cire gidan batir gaba ɗaya. Ya sa batirin lithium a ciki ya rufe, kafar caji kuma ya sa ta a ƙasa, yadda in kana caji sai ka kwantar da linzamin ka jira. Sauran kamfanoni da yawa ma sun koma batirin ciki, kamar yadda wayoyin hannu suka yi bayan zamanin Nokia da ake ɓalle bayanta a sauya batir. Tocila ma yanzu ta caji ce ko mai sola, ga kuma fitilar waya. Dole a faɗi alherin wannan sauyi. Babu farin gari, babu sifirin da zai saki, babu aiken yaro neman batir ana tsakiyar aiki, kuma matattun baturan da muke watsarwa a kwata da bola sun ragu.

Amma an yi musanyar ciwo ne. Ciwon da ana ganinsa da ido, ana warkar da shi da ɓarin lemon tsami. Na yanzu a ɓoye yake. Batirin lithium yana rage ƙarfi da yawan caji da zafi, kuma ranar da ya daina riƙe wuta, ko ya kumbura, mai shi ba shi da murfin da zai buɗe. Sai an ɓamɓare gam, an nemo batir mai girma da siffa daidai da nasa, wanda sau da yawa ba a samu a kasuwa. Samarin kasuwar waya ta Farm Centre suna yi, kuma sun ƙware, amma wa zai biya kuɗin aikin da ya kusa kuɗin sabon linzami? Sai a jefar da na'urar da komai nata lafiya lau ban da batir. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya tashi yau bai taɓa ganin babansa ya buɗe wani abu ya gyara ba. Abin da ya gani shi ne a sa caji, in ya ƙi a sayi wani. Masu gyaran wayoyi da yawa da na sani ta gidan batirin rediyo suka fara, daga nan suka yi ƙarfin halin kwance sukurori huɗun da ke baya. Wannan ƙofar shiga ce mai sauƙi, kuma tana rufewa.

Har yanzu dai ana sayar da linzamai masu batir AA da AAA, kuma su nake ba mutane shawarar saye, tare da batura masu caji irin waɗanda ba sa zubar da wutarsu in an ajiye su, waɗanda suka bazu tun bayan da kamfanin Sanyo na Japan ya fito da Eneloop a 2005. Ba kasafai suke yoyo ba, kuma in sun gaji su kaɗai za a sauya. A Turai ma an fara dawowa kan wannan hanya da ƙarfin doka. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar batura wadda ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027, yawancin na'urorin hannu da za a sayar a ƙasashenta sai an ƙera su yadda mai su zai iya cire batir ya sa wani da kayan aiki na yau da kullum. Tunda masana'antun da ke ƙera wa Turai su ne ke ƙera mana, kuma kayan gwanjonsu nan suke ƙarewa, akwai alamar za mu sake ganin linzamai da sauran na'urori masu buɗuwa a kasuwanninmu.